Gajeriyar Sandar Giya da Sanyin Doha

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle duniya, ina aikin kanikanci a wani gareji a nan Doha, ina kwana a wani ɗan ɗaki a unguwar Old Airport. Ni mutumin Jos ne, ɗan Bukur, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na daɗewa da baƙo ban gaya masa cewa mu ne muka san sanyi ba. Ku riƙe wannan alfaharin nawa a ranku, don a gaba zai dawo ya kama ni.

Abokina direba ne, Bakatsine, ya ɗan girme ni. A garejin muka haɗu, ranar da ya kawo motar maigidansa, wani Bature mai aikin gine-gine. Ina ƙarƙashin wata mota ina zagin wani noti da ya ƙi kwancewa, sai na ji murya daga sama tana cewa, "Wa ke zagin ƙarfe da Hausa a ƙasar Larabawa?" Daga ranar muka ƙulla. Shi yana ce mini Injiniya, alhali ko ƙofar jami'a ban taɓa leƙawa ba, ni kuma ina ce masa Malam. Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutu a nan, ni in tafi coci da safe, shi ya tafi masallaci, da la'asar mu haɗu a ɗakinsa a Madinat Khalifa mu tuƙa tuwo da miyar kuka, mu ci a tire ɗaya. Yana tsokanata wai Hausata ta kasuwa ce, ina tsokanarsa wai tasa sai da tafinta.

Baturen nan, ban da babbar motar da abokina ke tuƙa shi a ciki, yana da wata 'yar ƙaramar mota ja ta tsere, tsohuwa, mai kujera biyu kacal. Irin masu kwanciyar nan a ƙasa ce, in ka shiga sai ka ji kamar a tabarma ka zauna. Giyar hannu gare ta, da kuloci da komai. Da korona ta yi ƙamari aka sallami Baturen daga aiki, ya tattara cikin gaggawa zai koma ƙasarsu. Sai ya mayar da takardun motar da sunan abokina, ya miƙa masa makulli, ya ce wannan ce godiyarsa. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi murna irin ta yara ba kamar ranar. Ya kira matarsa a Katsina ta bidiyo, ya zagaya motar da waya, ya nuna mata fitilu, ya nuna mata taya, sannan ya buɗe ƙofa ya ce, "Kin gani, kujera biyu ce. Ɗaya tawa, ɗaya taki. Ko yaranmu ba su da wuri." Ina jin ta tana dariya tana cewa ita ina za ta iya shiga wannan kwalin ashana.

Ya samu sabon kafil, wato maigida mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, a Al Gharrafa, wasu mutanen kirki, yana kai yaransu makaranta da yi musu cefane. Bai daɗe da fara aikin ba ciwon ya kama shi, kuma ya kama shi da gaske. Aka kwantar da shi a ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Wata nas 'yar cocinmu, 'yar Kafanchan, ita ce ke ba ni labarinsa in ta tashi daga aiki, ni kuma in kira matarsa in gaya mata, ina rage na tsoro ina ƙara na daɗi. A nan muka saba da matar tasa. Ita ma Injiniya take ce mini, ni ina ce mata Hajiya. Duk ranar da na kira, kafin in buɗe baki sai ta ce, "Injiniya, gaya mini gaskiya, kada ka lallashe ni." Ni kuwa sai in lallashe ta.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya fito da ransa. Sai dai an daɗe ana kwantar da shi rub da ciki don numfashi, kuma wannan kwanciyar ta taɓa jijiyar kafaɗarsa ta dama. Hannun yana motsi, yatsu suna kama abu, amma ba ya miƙewa da nisa, kuma ba ƙarfi. Likita ya ce zai riƙa dawowa a hankali, ya kuma yarje masa ya koma tuƙi, tunda motar aikinsa otomatik ce. Aiki dai bai tsaya ba. Abin da ya tsaya shi ne cin tuwonmu. Loma ba ta kai masa baki da dama sai ta zube, ya koma cokali da hagu, kuma kun san yadda wannan yake ga mutumin da aka rene shi a kan cewa hagu ba ta zuwa baki. Ya daina cin abinci a gaban mutane. Ko ni sai da na yi masa faɗa sosai kafin ya yarda mu ci gaba da zama a tire ɗaya. In zai gaisa da mutum, sai ya tallafo gwiwar hannun damansa da hagu ya miƙa, mutane suna ta yabonsa wai ciwo ya ƙara masa ladabi.

Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa matarsa ba.

"Kukan da ta sha ya isa," in ji shi. "In na warke na ba ta shi a labari, mu yi dariya."

In za su yi waya sai ya jingina ta da fulas ɗin shayi, ya gyara zama yadda kafaɗar ba za ta nuna ba, su yi ta hira yana kurɓar shayinsa. Hutu ya zo, ya ce mata aiki ya yi yawa. Wani hutun ya sake zuwa, ya ce kafil ya riƙe shi. Rabonsa da gida tun kafin korona. Na sha gaya masa, "Malam, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi." Sai ya ce mini ai ranar wankan ba ta zo ba tukuna.

Jar motar kuwa tana nan a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol. Duk Juma'a sai ya yaye ya wanke ta da hagu, ya tayar da injin, ya zauna a ciki. Sau ɗaya ya gwada fita da ita ina kujerar gefe. Giya ta ɗaya ta shiga, ta biyu ta shiga, da aka zo ta uku, wadda sai ka tura sandar can gaba, hannun ya tsaya a hanya. Ya sake gwadawa, ya ciji leɓe, hannun ya ƙi kaiwa. Ya gangara gefen titi ya kashe motar. Ni ne na mayar da ita gida, kuma daga ranar bai sake maganar fita da ita ba.

Ana nan sai ga gasar cin kofin duniya ta matso. Aka ce duk wanda ya sayi tikitin kallon wasa za a ba shi izinin shigowa ƙasar. Najeriya dai ba ta samu zuwa ba, amma matar abokina ta samu. Ita da kanta ta ji labarin a wurin wata maƙwabciyarta, ta kira shi ta ce in shi ba zai zo ba, ita za ta zo. Matar da ba ta san mutum nawa ke buga ƙwallo ba, aka saya mata tikitin wasan wasu ƙasashe biyu da ko sunansu ba ta taɓa ji ba. A ƙarshen wayar ta ce, "Kuma a kwalin ashanar nan za ka ɗauko ni, kujerata na nan ko?"

Washegari sai ga shi a gareji, ya ja ni gefe.

"Injiniya, mi za mu yi da motar ga? Kujera biyu ce. In kai ka tuƙa, ni ina zan zauna? In na zo da motar kafil, za ta tambaya. Ni dai in ɗauko ta da hannuna in kai ta gida. In mun zauna, ta huta, sai in gaya mata da bakina. Ba na so ta fara ganina a matsayin wanda ake ja."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ba motar ce damuwarsa ba. So yake matar da ta yi shekaru ba ta gan shi ba ta tarar da mijin da ta sani, ko da na tsawon hanya ɗaya ne.

Sai dabara ta faɗo mini, kuma in gaya muku gaskiya, na ji kaina ya kumbura. Akwai wata sandar giya da samari masu son tsere ke sa wa motocinsu, mu a gareji shot shifta muke ce mata. Aikinta shi ne ta rage tazarar da hannu ke tafiya daga giya zuwa giya. Maimakon ka miƙa hannu can gaba, wuyan hannu kawai za ka ɗan motsa. Na sha ɗaura ta wa 'ya'yan Larabawa masu son su ji ƙarar taya. Na ce to, abin da ake yi don gayu, yau zai yi aikin lada. Na yi odarta, ta iso, na kwance tsohuwar na ɗaura sabuwar da hannuna, na sa sababbin bushi, robobin da ke riƙe sandar. Da na gama na juye tsohon man giyabos na zuba sabo mai kauri. Haka muke yi a nan, kowace tsohuwar mota mai kauri muke ba ta, saboda zafin ƙasar nan yana mayar da mai kamar ruwa. Ba wanda ke tambaya, al'adar gareji ce.

A watan Agusta ne, lokacin da ko sifana ka bari a rana ba ka iya ɗauka da hannu. Da tsakar rana muka fita gwaji. Ya taka kuloci, ya ja ta biyu, tak. Ya tura ta uku, tak, kamar makunnin fitila. Ta huɗu, ta biyar. Ya waiwayo ya dube ni, idonsa ya cika da ƙwalla, sai ya wayance da cewa kwandishan ɗin motar ne ke hura masa ido. Muka yi ta zagaya gari ba inda za mu. Ya ce, "Wallahi Injiniya yau ka ci sunanka." Ni kuwa na hakimce a kujerar Hajiya ina karɓar yabo, har ina ba shi lacca a kan ilimin ƙarfe.

Watanni suka wuce yana fita da ita duk Juma'a lafiya lau. Gasa ta fara, gari ya cika ya batse, ko'ina tutoci da ganguna, in Maroko ta ci wasa ba mai barci saboda hon. Ana saura 'yan kwanaki Hajiya ta iso sai iskar arewa da suke kira shamal ta taso, aka ɗan yi yayyafi, gari ya wayi da sanyi. Masu cewa babu sanyi a Doha ba su taɓa tsayawa a waje da sassafe a watan Disamba ba. Ina shan shayi kafin in fita aiki wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, ta biyu ta ƙi shiga."

"Kamar yaya ta ƙi shiga? Ka taka kuloci har ƙasa?"

"Shekara nawa ina tuƙi za ka tambaye ni kuloci? Na ja, na ja, kamar an sa mata siminti. Zo ka gani."

Tun kafin in isa na san abin da ya faru, kuma kunya ta rufe ni. A Jos, ina yaron gareji, abin da muka fara koya ke nan. Da sanyin safiya man giyabos yakan daskare, giya ta yi tauri, sai mota ta yi tafiya ta ɗumama kafin ta saki. Maigidana na lokacin yakan ce giya tsohuwa ce, sai ka gaishe ta da safe kafin ka aike ta. Ga kuma abin da kowane bakanike ya sani game da gajeriyar sanda: abin da ta rage maka a nisa, a ƙarfi take karɓa. Kamar fartanya ce mai gajeriyar ƙota, ba ka miƙa hannu, amma damtse ne ke biya. A zafin Agusta mai ya narke, ba a jin bambancin. Da sanyi ya zo, man nan mai kauri da na zuba da hannuna ya kama, zoben cikin giyabos da ke taimaka wa ta biyu shiga kuma dama ya tsufa. Ni da lafiyayyen hannu sai da na ɗan yi nishi kafin ta shiga. Ɗan Jos guda, mai cika wa mutane baki da sanyi, na gyara mota kamar ba a taɓa yin sanyi a duniya ba.

Ran nan na juye man na zuba mara kauri. Ta ɗan sassauta, amma ba yadda hannunsa zai iya ba. Zoben da ya kamata a canja sai an yi oda daga waje, ba zai iso kafin ita ba. In na mayar da doguwar sandar, hannun ba ya kaiwa ta uku. In na bar gajeriyar, ba ya iya jan ta biyu da sanyi. Gaba kura, baya siyaki. Ta ɗaya da ribas ba su dame mu ba, tunda mota na tsaye yake sa su, yana iya haɗawa da hagu. Amma ta biyu ana tafiya ake sa ta, hagu na kan sitiyari.

Muka yanke shawara: ranar zan zo da wuri in zagaya da motar har man ya yi ɗumi, sannan in ba shi. In ta ɗumama kuwa ba ta da matsala, mun gwada mun gani. Ni kuma zan bi shi a baya da a-kori-kurar gareji, don but ɗin jar motar ko buhun daddawa ba zai ɗauka ba, kuma mun san mace daga Katsina ba za ta zo hannu rabbana ba.

Jirginta na safe ne. Na ɗumama motar, ya tuƙa ta har filin jirgi ba tangarɗa, ya sha farar shadda da hula, sai ƙamshi yake. Muka ajiye motocin muka shiga. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne taron jama'a. Jirage na ta sauke 'yan kallo, layi har ba a ganin ƙarshensa. Muka yi ta jira. Can na ce masa bari in je in ɗan zagaya da motar kada ta huce. Ya damƙe rigata da hagu.

"Kada ka tafi. In ta fito ba ka nan, wa zai ɗauki kaya? In ta miƙo mini jaka, khalas, shi ke nan, asirina ya tonu."

Na tsaya. Rana ta fito amma iskar ba ta daina ba, motar kuma tana can a inuwa tana shan sanyi.

Sai ga ta ta fito, 'yar siririya cikin mayafi ruwan toka, tana tura kaya kamar mai ƙaura. Kun san mutanenmu da kunya. Shekaru ba su ga juna ba, amma ba wanda ya rungumi wani. Ta rusuna ta ce, "Malam, mun same ku lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ya hanya?" Ta dube shi daga sama har ƙasa, kallo ɗaya, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Injiniya, ashe haka kake gajere." Na yi wuf na kwashe jakunkunan tun kafin wani ya miƙa wa wani.

Da ta ga motar ta riƙe baki tana dariya. Da ƙyar ta naɗe zaninta ta shiga. Na lura ya sa ta ɗaya da hannu biyu lokacin da take gyara mayafi. Na shiga a-kori-kura na bi su.

Suka fita daga wurin ajiye motoci, hanyar ta ɗan yi hawa. Ina jin injin yana ƙara sama, yana neman ta biyu. Sai na ji ƙurrr, ƙarar haƙoran giya. Motar ta rage gudu, ta sake ɗauka a ta ɗaya. Ya sake gwadawa, ƙurrr. Wata bas cike da 'yan kallo ta matso bayanmu, direban yana danna hon yana ɗaga hannu, yalla, yalla. A karo na uku jar motar ta gangara gefe ta tsaya. Na faka a bayanta na fito da gudu.

Ya sauke gilashi. Cikin wannan sanyin gumi ne ke zuba a goshinsa. Hannun damansa na kan sandar, ya kasa ɗauke shi, ya kasa ɓoye shi. Bai dubi kowa ba. Ni kuwa na shiga zuba kamar rediyo.

"Hajiya, laifina ne, ba nasa ba ne. Man da na zuba ne, da sanyi yakan kama, ko ni ma ba na iya..."

"Injiniya," ta ce a hankali, "ka sha ƙarya saboda mu tun yana asibiti. Allah ya saka maka. Yau ka huta."

Ta juya wajen mijinta.

"Malam, tun azumin bara kake shan shayi da hagu a waya. Tun da aka kai ni gidanka ban taɓa ganin ka kai abu baki da hagu ba, ko ruwa. Ka zaci ba na gani? Ka yi shiru, ni ma na yi shiru, don na ga shirun ne ke riƙe da kai. Ka zaci ƙwallo na zo kallo?"

Ya sunkuyar da kai a kan sitiyari. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya ce wani abu da ban ji ba, sai ƙarshensa na tsinta, wai so yake ya kai ta gida da kansa.

"To ai kai za ka kai ni," in ji ta. "Wa zai kai ni in ba kai ba? Nuna mini inda ta biyun take."

Ya ɗago ya dube ta. Ta zaro hannunta daga cikin mayafi ta ɗora a kan nasa, a kan sandar. Daga inda take zaune, hannun da ke kusa da giya na hagu ne. Ta dubi hannun nata, ta ɗan yi murmushi.

"Ka ga ni ma da hagun zan yi, sai mu ji kunyar tare. Kai ka taka abin ƙafarka, ka ce biyu, ni in ja. Hannun da ya saba da taɓarya wannan ɗan ƙarfen ba zai gagare shi ba."

Ni dai na kawar da kai, na shiga duba tayar baya da ba abin da ya same ta. Idona ya cika, kuma ba ni da kwandishan da zan ɗora wa laifi.

Na koma motata. Jar motar ta tashi a ta ɗaya, injin ya yi sama. Sai na ji ƙarar ta sauka lafiya lau, ba ƙurrr, ba komai. Ta biyu ta shiga. Na buga sitiyari har hon ya yi ƙara, wasu 'yan kallo a gefen titi suka ɗauka murnar ƙwallo nake, suka ɗaga mini tuta.

Na bi su a baya har Madinat Khalifa. Ni bakanike ne, na san kafin a yi rabin hanya man ya ɗumama, sandar ta saki, da yatsa biyu ma zai iya sa ta. Amma duk danjar da muka tsaya, in na leƙa ta gilashin bayansu, hannunta na nan inda ta ɗora shi. Da la'asar ta tuƙa mana tuwo da daddawar da ta zo da ita. Ta ajiye masa cokali a gefen hagu, ya ɗauka ya ci a gabanta.

Zoben ya iso tana nan. Na kira shi na ce ya kawo motar in buɗe giyabos. Ya ce, "Bari tukuna, Injiniya, ba sauri." Duk safiya kafin ya tafi aiki sai sun ɗan zagaya unguwa, ba ya ma barin motar ta ɗumama. Wasan da aka saya mata tikitinsa ma sun je, ta dawo tana tambayata dalilin da ya sa ba za a ba kowa ƙwallonsa a huta ba. Sai da ta koma Katsina ya kawo motar, na canja zoben, na yi aikin yadda ya kamata tun farko.

Yanzu hannun ya dawo sosai, ko da yake bai koma kamar da ba. Yana zuwa gida duk hutu. Ni kuma duk motar da zan sa wa gajeriyar sanda, sai na tambayi mai ita ko yana fita da sassafe a watan sanyi, kuma na rage cika baki da Jos, ko da yake ban daina ba. Har yau ina tuna tsayuwar nan a gefen titi. Na yi watanni ina ƙoƙarin taya abokina ɓoye rauninsa da ƙarfe, ashe wadda muke ɓoye wa ta daɗe da ɗaukar rabin nauyin daga nesa, tana jiran ranar da za a bar ta ta sa hannu.

Da sanyin bana ya shigo na kira shi da safe na tambaye shi yadda ta biyu take.

"Tana shiga," in ji shi. "Ko ba a ɗumama ba tana shiga."

"To alhamdu lillahi, ka ce Injiniya ya iya aiki."

Ina jin ƙarar injin a wayar. Can ya ce, "Ka dai gyara ta da yawa. Yanzu in ta zo, da wane dalili zan ce ta kama mini?"